Dodanniyar da ba a kalla ido da ido

A almarar Girkawa, Medusa dodanniya ce mai macizai a madadin gashi, duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya zama dutse. Jarumi Perseus ya sare mata kai ba tare da ya dube ta ba, hotonta ya riƙa kallo a jikin garkuwarsa mai sheƙi. Amma mawaƙin Rum, Ovid, ya ce da can kyakkyawar budurwa ce. Allan teku ya keta mata haddi a ɗakin bautar Athena, sai Athena ta hukunta ita budurwar.

A 1902, Camille Claudel, mai sassaƙa 'yar Faransa wadda ta yi aiki shekaru tare da Auguste Rodin, ta fito da wannan labari a farin dutse. Masana da dama na ganin kamannin fuskarta ta sa wa yankakken kan. Bayan shekara 11, a 1913, mahaifiyarta da ƙanenta Paul suka sa aka kai ta asibitin masu taɓin hankali. Ba ta sake sassaƙa komai ba. Shekara 30 ta yi a tsare, har ta rasu a 1943.

Kada mu yi gaggawar mayar da danginta dodanni. Ciwonta gaskiya ne: ta farfasa ayyukanta da hannunta, ta kulle kanta a ɗaki, tana zargin Rodin da ƙulla mata makirci. Ɗawainiya da irin wannan majinyaci ba wasa ba ce. To amma daga baya likitoci sun ba da shawarar a mayar da ita gida, mahaifiyar ta ƙi, kuma ba ta taɓa zuwa duba ta ba.

Shin sunan da muka laƙaba wa mutum yana sauke mana nauyin dubansa? Da zarar mun ce "mahaukaciya" ko "lalatacciya", mun samu garkuwar Perseus. Sunan muke kallo, shi ya sa hannunmu ba ya rawa wajen yanke hukunci. Da za mu ɗaga ido mu ga fuskar, ba dutse za mu zama ba, tausayi ne zai kama mu, kuma ɗawainiyar da ke biye da shi muke gudu.

Neman magani wajibi ne, wani lokacin har da tsarewa. Daina zuwa dubiya kuwa zaɓinmu ne, ciwo bai tilasta mana shi ba.