Kambin Gwani, Nasa Ne Ko Na Jama'a?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Rigata a Yauri ya san yadda bakin kogi kan ɗauki sowa idan kwale-kwale biyu suka kusa ƙarshen tsere, matuƙa na dukan ruwa da filafili kamar mutum ɗaya. Idan an gama a ba gwani kyauta, jama'a su watse. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta, mai karatu, ita ce: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ƙwarewa a tsere, me ya tsinana wa jama'arsa? Ko kuwa wasa wasa ne kawai, ranar da ƙarfi ya ƙare shi ke nan?

Kafin mu amsa, ya kamata mu tuna cewa tuƙin jirgi bai fara a matsayin wasa ba. Gungawan da suka zauna a tsibiran kogin Kwara da jirgi suke zuwa gona da kasuwa, da shi suke su, kuma tarihin baka ya nuna cewa Rigata ta samo tushe daga fitar da jarumansu kan yi don farautar dorina. A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tafki ya haɗiye gungu da yawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni a gaɓa. Daga baya jirage masu inji suka yawaita. Sai ya zama abin da da yake dole, yau yana neman komawa na nishaɗi.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta bi irin wannan hanya, wato Norwe, a arewacin Turai. A can dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni, don haka tun zamanin da mutane kan ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna zamiya daga gari zuwa gari. Mota da jirgin ƙasa sun zo, amma ba su yar da wannan gado ba, sai suka mai da shi gasa. Tun 1932 suke yin wani tsere daga Rena zuwa Lillehammer, wanda yau tsawonsa kilomita 54 ne, kowa goye da jaka mai nauyin kilo uku da rabi, don tunawa da yadda aka tsere da wani jaririn ɗan sarki a kan ƙanƙara a shekarar 1206.

Daga cikin wannan al'ada Marit Bjørgen ta fito. An haife ta a 1980, ta tashi a ƙauyen Rognes, kuma tsakanin 2002 da 2018 ta ci lambobi 15 a wasannin Olamfik na hunturu, takwas na zinariya. A shekarun da take ganiyarta takan yi atisaye fiye da sa'o'i 900 a shekara. Ta haihu a ƙarshen 2015, ta dawo ta ci gaba da cin gasa, sannan ta ajiye tseren ƙasa da ƙasa a 2018.

To, wani zai ce wannan duk guminta ne, saboda haka kambin nata ne ita kaɗai. Haƙiƙa babu mai musun gumin. Amma wa ya fara ɗaura mata katakan? Wa ya share hanyar da ta yi atisaye a kai? Da a Shanga aka haife ta, da ba ta san ƙanƙara ba, kamar yadda ɗan ƙauyensu ba zai san inda ruwan Ngaski yake juyi ba. Gwani yana tsirowa ne a ƙasar da dubban talakawa suka iya abin daidai gwargwado. Shi dai ya fi su ne, amma daga rumbunsu ya ɗiba. Wanda kuwa ya ɗiba daga rumbun jama'a, bashi ya ci.

Wani kuma zai ce a bar zancen bashi, tunda inji ya zo, gwanin filafili ɗan kallo ne kawai. Nan ne nake ganin kuskure mai hatsari. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa, hukumomi kuma suka danganta abin da lodi fiye da ƙima. Allah ya jiƙansu. Iya tsere ba zai hana jirgin da aka danƙare nutsewa ba. Sai dai sanin ruwa abu ɗaya ne dunƙule: iya iyo, da karanta iska, da sanin nauyin da jirgi ke iya ɗauka, da tsoron ruwa irin na wanda ya san shi. Inji ya ɗauke wa hannu wahala, amma bai rage wa tafki zurfi ba. Idan yaro ya ga ana girmama gwanin ruwa, sai ya so ya koya, da haka ilimin ke rayuwa.

Ashe ke nan amana biyu ce. Ta gwani ita ce ya san ƙarfi aro ne, ya koyar da na baya tun yana da shi, kada ya tafi kabari da abin da ya gada. Ta jama'a kuwa ita ce kada su tuna da shi rana ɗaya a shekara, su manta da shi idan ya tsufa. Wa ya rubuta mana tarihin gwanayen tuƙi da iyo na Yauri, su wa suka koya musu, su wa suka koya wa? Mutanen Norwe sun adana har sa'o'in atisayen gwanarsu. Mu namu suna bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa tafiya suke yi.

A ganina, ba a auna rayuwar gwani da yawan kyaututtukan da ya tara. Ana auna ta da yawan waɗanda suka iya saboda shi. Kambi dai a kansa aka ɗora, amma jama'a ce ta saƙa shi, kuma gare ta ya kamata amfaninsa ya koma. Allah ya sa mu riƙe amana.