Littafi a Kwana Talatin: Gaggawa Ce Ko Himma?

Jama'a, ga wata magana da na ke so mu auna tare, musamman ku da Allah ya buɗe wa ido kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kuna karanta wasiƙunku da kanku. Shin daidai ne mutum ya tsaya gaban jama'a ya ɗaure kansa da alkawari cewa zai rubuta littafi sukutum cikin kwana talatin?

Abin da ya jawo maganar ya faru ne a Amurka. Cikin watan Yuli na 1999, a yankin birnin San Faransisko, wani mutum mai suna Chris Baty ya tara abokansa, su 21 har da shi, suka shirya ko wannensu ya rubuta labari na kalmomi 50,000 kafin wata ya mutu. A shekara ta 2000 suka mai da abin watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya kan tsare mutanensu a ɗaka, masu shiga kuwa suka kai 140. Sannu a hankali abin ya bazu ƙasashe da yawa, ana kiransa NaNoWriMo, har masu shiga suka zama dubban ɗaruruwa. In ka raba 50,000 gida talatin, ko wace rana sai ka rubuta wajen kalmomi 1,667. A lokacin, marubutan gari ɗaya su kan taru a ɗakin karatu ko wurin shan shayi, a zauna shiru a yi ta rubutu, in an tashi ko wane ya faɗi inda ya kai. A ƙarshen watan Maris na 2025 ƙungiyar da ke riƙe da shirin ta ba da sanarwar rufewa, bayan ƙarancin kuɗi da rigingimu sun yi mata yawa.

To, masu sukar wannan al'amari suna da hujja. Sun ce sauri ya haifi nawa, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Littafi ba bulo ba ne da za a ce a buga kaza a yini. Wanda ya ke ƙidayar kalmomi, in ji su, zai cika takarda da ƙaiƙayi don ya kai adadi. Gaskiya ne, galibin abin da a ke rubutawa cikin irin wannan hanzari bai isa a kai maɗaba'a ba.

Amma fa mu duba ɗaya gefen. Mutum nawa muka sani waɗanda labari ke cikinsu shekara da shekaru, kullum suna cewa sai an yi girbi, sai bayan salla, har aka kai su kushewa da labarinsu? Abin da ya kan hana su ba rashin hikima ba ne, tsoro ne, kada su rubuta a yi musu dariya. Amfanin yanke rana shi ne ta kan fid da wannan tsoro, gama wanda ke da kalmomi 1,667 a wuyansa kafin ya kwanta ba shi da sukunin tsayawa yana zargin kansa. Masaƙi ya kan gama ƙyalle tukuna, sa'an nan a rina a buga. Rubutu ma haka ya ke: ana iya gyara mummunan shafi, amma farar takarda ba ta gyaruwa. Wata marubuciya, Sara Gruen, a cikin wannan shiri ta fara littafinta Water for Elephants, ta gyara shi daga baya, aka buga a 2006, ya kuwa yi suna ƙwarai.

Mu ma nan mun ga amfanin kira irin wannan. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausa don gasa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hikimar tana wurinsu tun da, amma sai da aka yi kira aka sa lokaci kana ta fito.

Game da taimakon jama'a, wani zai ce ai gayya ce. I, ta yi kama da gayya, amma akwai bambanci. Ranar gayya 'yan'uwa su kan shiga gonarka da fartanyarsu su nome maka. A nan kuwa ba mai rubuta maka ko layi ɗaya. Abin da jama'a ke ba ka shi ne irin abin da makaɗi ke ba manoma, watau ƙarfin zuciya, da kunyar a gan ka ka zauna alhali na kusa da kai yana duƙe.

Babban abin lura a nan shi ne amana. A wancan shiri, lokacin da a ke yinsa, ba alƙalin da ke karanta labarin, yawan kalmomi kawai a ke ƙirgawa, a ba wanda ya kai adadi takardar shaida. Mai son zamba ya iya maimaita kalma ɗaya sau 50,000 a ce ya ci. To, wa ya cuta? Kansa. Ashe abin da a ke jarrabawa shi ne ko mutum zai cika alkawari a inda ba mai ganinsa sai Ubangijinsa.

Saboda haka ni a ganina, gaggawar da a ke zargi ita ce ta wanda ya gama ran talatin ga wata, ya ruga maɗaba'a kashegari. Wanda ya yi sauri wajen rubutawa, ya yi haƙuri wajen gyarawa, himma ya yi. Sai dai kada ya ɗauki alkawarin da zai sa ya tozarta haƙƙin iyalinsa ko aikin da ya ke ci da shi.

Ku da kuka koyi karatu da girma, ba sai kun nufi 50,000 ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ko wane ya yi alkawarin shafi ɗaya a yini, ran Juma'a da yamma ku karanta wa juna. Wata guda shafi talatin ke nan, na tarihin garinku ko labarin da kakarku ta ba ku. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, amin.