Zaɓen Makaranta: Ikon Uba Ne Ko Na Ɗa?

Kowace shekara, bayan an gama girbi an shiga rani, a kan fara rajistar jarrabawar shiga jami'a, wadda hukumar JAMB ke shiryawa tun 1978. A cikin takardar rajistan nan akwai wurare biyu da su kan jawo gardama a gidajen masu bi: inda za a sa sunan makaranta, da inda za a sa fannin da yaro zai karanta. Cika su ba ya ɗaukar minti biyar, amma abin da aka rubuta ya kan bi mutum har tsufansa. Abin da mu ke so mu duba shi ne, wa ke da ikon wannan zaɓi? Uban da zai sayar da hatsi ya biya, ko ɗan da zai zauna ya karanta?

Bari mu fara da hujjar uba, gama tana da ƙarfi fiye da yadda samari su ke tsammani. A Kafinsoli da ƙauyukan Kankiya da Kusada, kuɗin makaranta daga rumbu da turke ya ke fitowa: buhun gero, buhun wake, gyaɗa, akuya, wata shekara har da san noma. Uba kuwa da damina ya ke lissafi. Yawancin digiri shekara 4 ne. Aikin gona da injiniya da shari'a shekara 5, lauya kuma sai ya ƙara kusan shekara guda a makarantar lauyoyi. Likitan mutane da likitan dabbobi shekara 6. Wannan lissafin takarda ke nan. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata 9, a 2022 kuma na wata 8, yara suna zaune a gida, kuɗin ɗakin haya yana tafiya. Saboda haka in yaro ya ce likita ya ke so, abin da uba ya ji shi ne damina bakwai, kowace ɗaya kuwa tana iya zuwa da fari ko tsutsa. Mutumin da zai ɗauki wannan kaya lalle yana da ta cewa.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu ko kaɗan, watau ƙanne. Kuɗin da aka zuba wa babba shi ne wanda ba a zuba wa na baya ba. Sau da yawa 'ya mace ce ta kan biya, a ce ta haƙura ta tsaya a sakandare har wanta ya gama, kafin ya gama kuwa an yi mata aure. Uba ne kaɗai ke ganin dukan 'ya'yan nan a lokaci ɗaya. Saurayi mai shekara goma sha takwas kansa ya ke gani, ba don mugunta ba, shekarunsa ne suka kawo haka.

To, amma ikon biya ba ya zama ikon sanin abin da ke cikin kan wani. Uba ya san nauyin buhu, bai san nauyin lissafi a ƙwaƙwalwar ɗansa ba. Mun san labarin Dawuda sa'anda Sarki Saul ya sa masa kayan yaƙinsa. Kayan sarki ne, babu mai kushe su, niyyar mai bayarwa kuma mai kyau ce, amma yaron ya kasa tafiya da su, sai ya tuɓe ya ɗauki abin da hannunsa ya saba da shi. Iyaye da yawa haka su ke yi, da ƙauna, suna sa wa 'ya'yansu sulken da su kansu suka yi marmarin sawa ba su samu ba.

Ga yadda abin ya kan kasance. Mai neman karatun likita sai ya ci Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da kyau a jarrabawar gama sakandare. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400, ya sami maki mai yawa ƙwarai, domin hukumar likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Yaron da baiwarsa ta harshe ce, ko ta hannu, in aka tilasta shi bin wannan hanya, zai zauna jarrabawa bana ya faɗi, baɗi ya faɗi. A shekara ta uku ya fara ganin kansa wawa ne, alhali kuwa ƙofar da ba tasa ba ya ke bugawa. Daga nan jaraba ta kan shigo. A ji labarin wata makaranta inda a ke rubuta wa yara amsa a allo, a kai shi can, uba da kansa ya biya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har a watan Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar takardun digiri daga Benin da Togo. Masu sayen irin takardun nan ba daga sama suka faɗo ba. Daga gidaje suka fito, inda aka nuna musu cewa takardar ce a ke so, ko da babu ilmi a bayanta.

Nan ne mu ke ganin ainihin ciwon. Sau da yawa gardamar uba da ɗa gardama ce a kan suna. Uba yana so a kira shi baban likita a bakin kasuwar Kankiya. Ɗa yana so ya karanta abin da abokansa za su ji su yi shiru. Dukansu biyu abin da mutane za su faɗa su ke aunawa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya, wane aiki ne wannan yaro zai iya yi da kyau, wa kuma zai amfana da shi?

Mu duba kewaye da mu. Manomi a nan in sansa ya kwanta ciwo a tsakiyar huɗa, nomansa na shekara ke nan ya shiga haɗari, amma yara nawa ne a cikin ekklesiyoyinmu suka taɓa sa aikin likitan dabbobi a zaɓinsu na fari? Daga gona mu ke ci, duk da haka in jami'a ta ba yaro aikin gona sai gida ya yi kamar an yi rashi. A Samaru ta Zariya an fara binciken aikin gona tun 1922, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin gyaɗa da dawa da auduga da yawa da a ke shukawa a Arewa kuwa daga hannun masanan wurin suka fito. A Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya, masu fitowa daga irinta su ne ke riƙe da ɗakunan shan magani na ƙauye, inda likita ba ya kwana. Aikin malanta kuma ya zama abin da a ke shiga in an rasa komi, har mun manta cewa Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921, malaman makaranta aka kafa ta ta horar, kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa da alli suka fara aiki bayan sun fito daga cikinta.

Wani zai ce, ashe so ku ke 'ya'yan talakawa su tsaya a ƙasa, 'ya'yan manya su zama likitoci da alƙalai. Ko kusa. Yarinyar da Allah ya ba kan kimiyya, zunubi ne a tsayad da ita domin rashin kuɗi ko domin ita mace ce. In gidansu ba su iya ba, ekklesiya ta haɗa hannu, kamar yadda mu kan haɗa don rufin ɗakin sujada. Ba kuma dole ne kowane yaro ya komo ƙauye ba. Wani amfaninsa a Kano ya ke, wani a Legas. Abin da mu ke ƙi shi ne a auna fanni da girman sunansa.

Zancen wuri kuma yana da nasa nauyi. Dā mai neman jami'a daga ƙasar Katsina sai ya nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato. Yanzu ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wadda aka kafa a 2006, ga ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ban da kwalejojin horon malamai da ta kimiyya da fasaha ta Hassan Usman. Kusa da gida akwai sauƙi: a aika da garin tuwo a mota, in ciwo ya kama yaro uwa ta isa a yini. Jami'o'in tarayya kuma suna da ƙa'idar raba gurabe, kashi 45 cikin ɗari bisa ga maki, 35 ga 'yan yankin da jami'a ke ciki, 20 ga jihohin da ke baya a karatun boko. Saboda haka yaron da ya tsallake jami'o'in yankinsa ya zaɓi ta Ibadan don suna kawai, ya jefar da rabon da ke hannunsa. Tsoron iyaye game da tsaro ba na banza ba ne, gama ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disamba 2020 ba. Uba yana da iko ya tambayi inda 'yarsa za ta kwana, a cikin makaranta ne ko a gidan haya a bakin gari. Game da jami'o'in ekklesiya, kamar Bingham da ke Karu, wadda aka kafa a 2005, kuɗinsu ya fi na gwamnati nesa. Mai hali ya kai ɗansa. Amma kada a sayar da gonar gado don a ce yaro yana makarantar masu bi; bangaskiyar da ba ta iya tsayawa a Dutsin-Ma ba, katanga ba za ta tsare ta a wani wuri ba.

To, ga yadda mu ke ganin rabon ikon. Uba ne ke da ikon iyaka. Shi zai ce, ƙarfina damina huɗu ne, ko kuwa ba na iya kai ka nesa, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ke rumbu, kada kunya ta sa ya yi alkawarin da zai karye a shekara ta biyu. A cikin iyakar nan, zaɓen fanni na ɗa ne, gama shi zai tashi da asuba ya yi aikin bayan uban ya kwanta dama. Girmama iyaye wajibi ne, amma yaron da ya ce to da baki, ya je ya yi shekara uku yana faɗuwa yana ɓoye sakamako, bai girmama kowa ba. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban makarantunta bashin karatu marar ruwa. Wannan ya sauƙaƙa wa uba, amma bashin a wuyan ɗa ya ke, wanda zai biya kuwa ba daidai ba ne a zaɓa masa abin da zai ci bashi dominsa.

Kada kuma a bar maganar sai ranar rajista. A wurin nan yaro yana tsaye a layi, mai kwamfuta yana hanzari, ya ce sa kaza, a nan ne a ke samun gurbi, shi ke nan baƙo ya yanke abin da uba da ɗa ba su taɓa zama a kansa ba. Gaskiya ma zaɓin ya riga ya faru tun shekara uku baya, sa'anda yaro ya shiga aji huɗu na sakandare aka raba su, waɗansu ajin kimiyya, waɗansu na adabi, waɗansu na kasuwanci. Wanda bai yi Kemistiri a can ba, ƙofar likita da ta injiniya sun rufu masa tun yana ɗan shekara goma sha biyar, iyaye da yawa kuwa ba su ma san an yi rabon ba. A wannan lokaci ne ya kamata uba da uwa su ɗauki takardun sakamakon yaro na shekara uku, su je wurin malamin ajinsa, su tambaye shi inda yaron ke da ƙarfi da inda ya ke ɗingishi, yaron kuma yana zaune yana ji.