Wa Ke da Haƙƙin Lokacin Kogi?

Idan aka tare kogi da madatsar ruwa, abin da muka saba tambaya shi ne ruwa nawa aka riƙe, kuma nawa aka saki. Ba mu cika tambayar yaushe aka sake shi ba, alhali kuwa rayuwar kifi ta rataya ne a kan wannan "yaushe".

Kogin Binuwai, wanda ya ratsa Jihar Taraba ta Lau da Ibi, yana da tsarinsa tun fil azal. Da damina ta kankama sai ya cika ya batse, ya malala cikin fadamu da tafkuna. A lokacin ne kifaye ke barin uwar kogi su shiga ciyayi su saki ƙwai. Bargi yakan share fili cikin ciyawa ya yi sheƙa, yauni kuma tasa sheƙar a kan ruwa take iyo. 'Ya'yan su yi ƙwari a ruwa marar zurfi, inda abinci ya wadata, sannan su bi ruwa su koma kogi idan ya fara janyewa da kaka. Gaiwa kuwa ba ta komawa. Laka take shiga ta kwanta har wata daminar. Kowane iri da tasa dabarar, amma duka a kan alƙawari ɗaya aka gina su, wato ruwa zai zo a kan kari, ya daɗe gwargwado, ya tafi sannu a hankali.

A 1982 aka kammala madatsar Lagdo a ƙasar Kamaru, sama da birnin Garwa. Tun daga nan wani kaso na cikar Binuwai ya koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa. Ruwan farkon damina a riƙe shi domin cika tafki, idan kuma tafkin ya tumbatsa a sake shi da yawa, kamar yadda muka gani a 2012 da 2022. Mun ƙirga gidaje da gonakin da ambaliya ta ci, kuma daidai ne mu ƙirga. Sheƙar da ta bushe kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe kuwa ba ta da mai shigar da ita cikin rahoto.

Mai kare madatsa yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Lagdo tana ba arewacin Kamaru lantarki, tafkinta ya ja masunta daga ƙasashe da dama, har da Hausawa. Kashimbila, da ke kan kogin Katsina-Ala a yankin Takum, an gina ta ne domin ta tare bala'i idan bangon tafkin Nyos ya fashe, ga kuma megawat 40 na lantarki. Wa zai ce ran kurungu ya fi na mutum? Mu dai ba mu ce ba. Har ma zai iya ƙarawa da cewa tafki na haifar da kifi mai yawa.

A nan ne muke ganin lissafin ya karkace. Kwando goma na karfasa ya fi kwando biyar na iri ashirin nauyi, amma nauyi kaɗai sikeli ya sani. Ruwan da ya tsaya cak yana yi wa karfasa daɗi, ya ƙuntata wa masu buƙatar gudana da malala. A Kainji, bayan rufe Kwara a 1968, faliya ta yi ambaliya a shekarun farko, daga baya ta ja baya. A ƙasan Bakolori, masuntan kogin Sakkwato sun ga kamu ya ragu bayan 1978. Bugu da ƙari, riba tana sama da bango, asara tana ƙasa da shi, kuma ba a nemi shawarar Basarke ko Bajukunen da ke ƙasa ba. Musayar da ɗaya ya ci moriya, ɗaya ya biya ba da saninsa ba, da wuya a kira ta ciniki.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daga Kamaru aka zo aka zuba gamalin cikin tafkunanmu ba. Mu ne muke jan taru mai ƙananan ido har da gidan sauro, mu kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Mu ne muke haƙe yashi, muna cika Mayo Gwoi da leda a tsakiyar Jalingo. Kakanninmu ma sun san tare lokaci: tafkin Nwonyo na Ibi akan tsare shi har sai ranar bikin su, kuma a wurare da yawa Sarkin Ruwa ke faɗin ranar buɗe tafki. Bambancin shi ne, su suna hana hannun mutum ne domin kifi ya samu lokacinsa.

Kogunan Taraba da Donga suna nan suna kawo wa Binuwai cikarsu a kan kari, kuma da su yake rage asara. A kan Donga ɗin ne aka daɗe ana shirin gina madatsun Mambila. Yaran da ke cin tarwadar kududdufin siminti a Jalingo yau, da yawansu ba su taɓa ganin tsage ko minjirya ba, su ne kuma za a kawo wa takardun aikin su sa hannu.