Zamba Cikin Aminci

Karatu: Farawa 27:1-36

Ka taɓa lura cewa Bahaushe bai cika faɗin "zamba" ita kaɗai ba? Yakan ce "zamba cikin aminci". Ɓarawo ƙofa yake fasawa, mazambaci kuwa kai ne ke buɗe masa, har ka shimfiɗa masa tabarma. In ba amana, zamba ba ta da wurin tsayawa.

Mu da muke zaune a Jibiya mun san wannan. Tun da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, mutane suka sha wuya tsakanin Magama da Maraɗi. Ban zo in jefi mai yunwa da dutse ba. Amma a shekarun nan ne wata kalma ta yi ƙiba a bakinmu: "dabara". A juye shinkafa daga wani buhu zuwa wani, a ce dabara ce. A bubbuga gindin mudu ya shige ciki, a ce wayo ne. Dabara kuwa ita ce ka nemo hanya inda ta toshe. Idan hanyar taka ba ta tafiya sai wanda ya yarda da kai ya gaskata ƙarya, sunanta zamba, ko da ka yi mata sabon suna.

Dubi Yakubu. Shi ma canjin buhu ya yi: tufafin Isuwa a jiki, fatar akuya a hannu, mahaifinsa Ishaku kuma ba ya gani. Abin da ya fi ba ni tsoro yana aya 20. Da tsohon ya yi mamakin saurin samun naman, Yakubu ya jingina abin ga Ubangiji.

Ka ji inda ta shafe mu. Ran Lahadi mukan tashi ba da shaida cewa Allah ya buɗe ƙofa, ikilisiya ta ɗauki "Halleluya". Kafin ka karɓi makirufo, roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka fuskar matar da ta sayi mudun nan. Za ka iya ba da shaidar tana zaune a layin gaba?

Yakubu dai ya sami albarkar, ya kuma gudu da ita zuwa gidan kawunsa Laban. Can ya yi bautar shekara bakwai domin Rahila, gari ya waye ya ga Lai'atu aka kawo masa.