Fasali A Kan Neman Kafar Yoyo A Jirgi

  

Ka sani, ya kai muridi, Allah ya datar da mu da kai, inda ruwa ya kwanta a cikin jirgi ba nan ya shigo ba. Tambayi Sarkawan Yawuri a bakin Kwara su gaya maka. Ruwa gangare yake bi. Ya shigo ta goshi, ya bi ƙarƙashin kaya, ya taru a tsakiya. Wawa sai ya cusa tsumma a tsakiya, gobe ya koma ɗaukar ƙwarya yana kwarfa.

Mai hankali kuwa, sai ya jawo jirgi tudu, ya sauke kaya duka, ya kwarfe, ya goge, ya bar shi ya sha iska. Sa'an nan ya barbaɗa toka a ciki, ya mayar da shi ruwa sannu, ya zauna ya zuba ido. Inda toka ta fara yin baƙi, nan ne. Ko kuwa ya ɗora shi bisa itace, ya zuba ruwa a ciki, ya duba ta waje inda ke ɗiga. Wuraren zargi sanannu ne: mahaɗar katako, da gindin ƙusa mai tsatsa, da gurbin reshe, da tsagar da hunturu ya yi.

To, jirgin nan zuciyarka ce. Ka zo wuridi ka iske ta cike da waswasi, ka ce wuridi ne ya yi nauyi. A'a. Nan ya taru ne kawai. Shigarsa tun hantsi ce, ta ido a kasuwa, ko ta kunne a zauren giba, ko ta lomar da ba ka tambayi asalinta ba. Istigfari kwarfa ne, kada ka bar shi ko yini ɗaya, amma mai kwarfa bai toshe ba, hannunsa zai gaji kafin kogi ya gaji. Jawo jirgi tudu shi ne ka keɓe bayan lisha ka bi yininka baya baya, har ka kai ga sa'ar da zuciya ta fara jiƙa. Wannan shi ne muhasaba, da shi aka yi wa Harisul Muhasibi laƙabi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243 bayan hijira.

Idan ka ce, na duba ban ga kome ba, sai in ce maka akwai kafar da ke bisa bakin ruwa. Jirgi wofi ba ya nuna ta. Sai an loda masa buhunan hatsi da mutane, ya nutsa kamu ɗaya, a tsakiyar kogi, sa'an nan ta buɗe baki, ga mata ga yara a ciki. Da yawa muka ga mai natsuwa a halwa, da aka yabe shi cikin jama'a, ko aka ba shi ajiya, ko aka gabatar da ƙanensa a zawiya aka bar shi, sai ga ruwa. Wannan kafa ba ka ganinta kai kaɗai, domin kana cikin jirgi. Ka kai wa shaihinka, shi yana tsaye a gaɓa, ka faɗa masa ranar da irin kayan da ka ɗauko, kada ka rage kome don kunya.