Daga Teburin Gyara Zuwa Layin Dogo

Masu gyaran waya na Farm Center, masu wayarin na Gyadi-Gyadi, masu gyaran talabijin da inbata na bakin kasuwar Tarauni, da ku nake. Akwai labarin da ya kamata ya shiga kunnenku, domin ko da yake a wata ƙasa ya faru, sana'arku ce a cikinsa.

A birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Abin da ke ciki ƙananan jiragen ƙasa ne, waɗanda aka rage girmansu sau 87, har kana iya ɗora kan jirgi a tafin hannunka. Jirage fiye da 1,000 ke kai da kawo a kan layin da tsawonsa ya haura kilomita 15, suna ratsa garuruwa da duwatsu da aka ƙera da hannu. Kwamfutoci ke tuƙa su. A jikin makarin da baƙi ke jingina kuma an dasa maɓallai sama da 200, yaro ya danna ɗaya sai wani abu ya motsa a gabansa. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga duk shekara, ɗaruruwan ma'aikata kuma a nan suke cin abinci, cikinsu har da masu lantarki da masu fenti da masu rubuta manhaja.

To, bari mu kwance abin mu ga cikinsa, yadda kuke kwance waya. A yawancin irin waɗannan jirage na zamani, ƙarafan layin guda biyu su ke ɗaukar wuta, su ne kuma ke ɗaukar saƙo. Kowane kan jirgi yana da ɗan fanel a cikinsa mai lambar kansa. In kwamfuta ta ce lamba 3 ya ƙara gudu, duk jiragen sun ji, amma lamba 3 kaɗai zai amsa. Layin kuma an raba shi gida-gida, kowane gida da na'urar da ke gane cewa wani jirgi na jan wuta a kansa. Maɓallin juya hanya da mai irin wannan layi kan dasa a jikin bango kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, waya biyu ce ta fito daga bayansa ta shiga ɗan fanel irin Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005. Ka danna, fanel ya shaida wa kwamfuta ana son a juya hanya zuwa tasha ta biyu. Kafin ta motsa komai sai ta duba: akwai jirgi a wurin? In akwai, ta ƙi, jar fitila ta ci gaba da ci, ko sau goma za ka danna. In babu, rile ya ja, harshen layi ya goce, koriyar fitila ta kama.

Maigida mai wayarin, wannan ai canjoba ce da kake ɗaurawa kullum a gidajen Court Road. Ka hana wutar Nepa da ta janareta haɗuwa a waya ɗaya, su kuma sun hana jirgi biyu haɗuwa a layi ɗaya. Hikimar ɗaya ce, kuma da ita ake tsare rayukan fasinjoji a manyan jirage.

Kada wani ya ce maka wasan yara ne. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗalibai sun kafa ƙungiyar ƙananan jiragen ƙasa a 1946, suka riƙa tuƙa su da rile-rile na ofishin tarho. Daga ƙarƙashin teburin da suka shimfiɗa layinsu a kai, cikin wayoyi da ƙura, aka samu wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko. Da aka yi wasan kwamfuta na Spacewar! a 1962, 'yan ƙungiyar biyu, Alan Kotok da Bob Saunders, su suka haɗa akwatunan maɓallan da ake buga shi, da guntayen katako da waya da tarkacen da suka tsinto a ɗakin jirgin.

Mu ma ba baƙin ƙira ba ne. Wanda duk ya tashi a Kano ya san motar kara da motar gwangwani, mai taya da tsohon silifa da sitiyarin waya. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da zane ya fara, ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A yau kuma ku leƙa Farm Center ku ga matashi ya duƙufa kan madubin ƙara girma, ya ɗaga ayisin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya share wurin, ya dasa wani da ɗigon dalma, wayar da mai ita ya fidda rai ta kawo haske. Mai wannan natsuwa da wannan ido, me zai gagare shi a fanel ɗin jirgi? Abin da ya rage mana shi ne mu ƙara taku ɗaya, daga gyara abin da wani ya ƙera zuwa ƙera namu.

Lokacin ma ya yi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya sauya kasuwancin garin nan da gyaɗa da fata. Yanzu ga sabbin layuka na tafe. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin gina na Kaduna zuwa Kano. Jirgin zamani ba ƙarfe da dizal kaɗai yake so ba. Yana buƙatar sigina, da na'urar juya hanya, da shingen tsallaka titi, da ɗakin kula mai kwamfuta. Duk ranar da ɗaya ya tsaya, dole a nemi mai gyara. Shin daga ƙasar waje za a ɗauko shi, ko daga Tarauni? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma sai ɗan garin ya shirya.

Matsaloli kam akwai su: wuta ba ta zama, kaya sun yi tsada, wani ma kallon ɗan shago yake yi wa mai sana'a. Amma fanel ɗin Arduino da batir ko cajar waya yake aiki, darussansa kuma suna nan kyauta a intanet, a cikin wayar da ke aljihunka. Ba sai ka sami ƙaramin jirgi daga Jamus ba. Moto daga tsohuwar DVD, da rile daga mataccen inbata, da layi na waya a kan faifan katako sun isa farawa. Ka sa masa maɓalli biyu a bango, ka koya wa na'urar ta ƙi bin umarni in hanya ba ta da tsaro. Ran da ka iya wannan, ka iya injin tura ruwa mai kashe kansa in tanki ya cika, ka iya get mai buɗe kansa, ka iya fitilun gida da ake kunnawa daga waya. Waɗannan kuwa akwai masu saye tun yau, daga Zoo Road har Maiduguri Road.

Iyayen gida, ku bar yaranku su taɓa mita da kansu, ku daina ɓoye musu sirrin aiki, domin yaron da ya fi ka suna ne gare ka. Ku matasa, ku haɗu uku ko huɗu ku yi karo-karo ku sayi fanel ɗaya, ku ware yammacin Juma'a don gwaji. Ku riƙa zana duk abin da kuka haɗa a littafi. Ku nemi takardar Trade Test ko ta NABTEB, mai hali ya ƙarasa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ko Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, don gobe takarda za a tambaya kafin a duba hannu. 'Yan mata ma a ba su kujera a teburin, dalma ba ta san namiji ko mace ba.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ku fara da maɓalli ɗaya a wannan makon, ku koya wa na bayanku. Allah ya sa albarka a sana'a, ya sa in jirgin Maraɗi ya tashi, hannun 'ya'yan Gyadi-Gyadi da Tarauni ne a kan siginarsa.